Ma'aunina Ya Ƙirga Yayar Matata Sau Bakwai

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina rubuta ta ina gogewa, kuma duk sanda na sake sai ta ƙara tsawo. Ke na zaɓa saboda kin taɓa faɗa a wannan fili cewa kin yi shekara ashirin kina rubuta manhaja kafin ki koma amsa wasiƙun mutane. Matsalata rabinta ta kwamfuta ce, rabinta ta gida. Wanda ya gane ta kwamfutar ba ya ganin abin damuwa a ta gidan, wanda zai gane ta gidan kuwa da na fara bayani sai ya soma hamma.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa manyan ɗakunan ajiyar kaya manhaja. A reshenmu mu goma sha ɗaya ne a ɗaki guda a hawa na biyu, da na'urar sanyaya ɗaki mai ɗiga a bokiti, da firinta da ba ta aiki sai an buge ta a gefe. Yayar matata ce ta kawo ni wurin. Ta girme ni da shekara goma sha huɗu, kuma tana kamfanin tun suna mutum uku. Kowa Yaya yake ce mata, har manaja. Ita ta koya mini yadda ake karanta aikin wani ba tare da an zage shi ba, abin da har yau ban gama ƙwarewa a kai ba. Teburinta yana jikin taga, nawa yana bayanta, don haka shekara huɗu ke nan ina kallon ƙeyarta da kofin shayin da kullum take mantawa da shi har ya huce.

Bari in ɗan yi bayani saboda masu karatu, ke na san kin sani. Manhaja gaɓa-gaɓa ce, kowace gaɓa da sunanta da ɗan aikinta. Gaɓa takan kira wata ta yi mata wani abu, ta tsaya tana jira har waccan ta gama, waccan ɗin ma ta kira wata. To a kowane lokaci akwai jerin masu jira, sai guda ɗaya a can ƙarshe wadda ita ce ke aiki da hannunta. Jerin kira muke ce masa.

Shekara tara da suka wuce Yaya ta rubuta wata gaɓa da ke lissafa abin da ke cikin sito. Kaya ba a zube suke ba: kwantena da akwatuna a cikinta, akwati da katan-katan, katan da kwalaye, kwali da fakiti, wani lokacin har hawa bakwai. Gaɓar Yaya sai ta buɗe akwati, in ta tarar da wani a cikinsa ta kira kanta ta buɗe shi, in shi ma da wani a ciki ta sake kiran kanta. Layi goma sha tara ne kacal, kuma ni dai ban taɓa ganin rubutu mai tsafta kamarsa ba.

Kwanakin baya wani babban mai hulɗa da mu ya fara ƙorafi. Mai kula da sitonsu ya ce yakan danna maɓalli, ya je ya sha ruwa, ya gaisa da mai gadi, ya dawo ya tarar da ɗan da'irar nan tana ta juyawa a allo. Mun auna, sakan arba'in cif. Manajanmu, wanda muke ce wa Ina-Aka-Kwana saboda da wannan tambayar yake buɗe kowane taro, ya ce a nemo inda lokacin yake tafiya. Ni da karambani na ɗaga hannu na ce zan haɗa mana ma'auni na kanmu.

Na haɗa shi cikin kwana biyar, na sa masa suna Magulmaci. Aikinsa leƙe ne: sau ɗari a kowane sakan yana leƙa jerin kira, duk sunan da ya gani a wurin ya ba shi maki ɗaya. Wanda ya fi maki shi ya fi cin lokaci. Haka na ɗauka, kuma kaina ya yi girma sosai da wannan dabara.

Gwajin farko da na yi, Magulmaci ya ce gaɓar Yaya ta ci kashi ɗari shida da tamanin cikin ɗari na lokacin. Gwaggo, na san nan ne ya kamata in tsaya. Ko ɗan firamare ya san ba a cin ɗari shida da tamanin cikin ɗari na komai. Amma saura awa ɗaya a shiga taro, na riga na sa sabuwar riga, kuma na gaya wa kowa yau za a ga abin mamaki. Sai na ce wa kaina ai lissafin ne bai zauna ba. Na tara makin kowa da kowa, na raba na kowanne da jimillar, komai ya koma cikin ɗari tsaf. Yaya ta tashi da tamanin da ɗaya, wata gaɓa tawa da goma sha ɗaya, sauran 'yan ɓurɓushi. Na zana wa kowace gaɓa sanda gwargwadon makinta, har launi na sa, wadda ta fi tsawo na yi mata ja.

Aka haska majigi a bango, ga jar sanda doguwa da sunan gaɓar Yaya a gindinta. Yaya ta ɗauko tabaraunta ta sa, ta daɗe tana kallo, sannan ita ta fara yin dariya, ta ce ashe kwamfuta ba ta san 'yan'uwantaka ba. Kowa ya saki jiki aka yi ta raha. Kafin a tashi, mai gwada mana manhaja ya laƙaba mata suna Tamanin da Ɗaya, kuma har yau in an kira ta da shi amsawa take yi da fara'a.

Ta ɗage hutun da ta shirya don ta je ganin 'yarta da ke karatu a wani gari. Kwana tara ta yi tana sake rubuta gaɓar don ta daina kiran kanta. Layi goma sha tara suka zama ɗari da arba'in, masu wuyar karantawa, ita da kanta ta ce sun yi muni. Ni kuwa ina ta yawo a ofis ana jinjina mini. Manaja ya ce a taron ƙarshen wata, wanda duk rassanmu ke halarta, ni zan tsaya in gabatar da Magulmaci don kowa ya fara amfani da shi.

Da ta gama aka sake aunawa. Jar sandarta ta faɗo daga tamanin da ɗaya zuwa talatin da takwas, aka tafa mata. Tawa ta hau zuwa talatin da biyar, amma manaja ya ce ba komai, in dogo ya rage tsawo dole gajere ya fito. Washegari mai kula da siton nan ya bugo waya ya ce shi fa bai ga canji ba. Aka auna da agogo, sakan talatin da tara. Kwana tara na aikin Yaya, sakan ɗaya.

Abin ya tsaya mini a rai. Ma'auni ya ce an rage fiye da rabi, agogo ya ce ba a yi komai ba, dole ɗayansu ƙarya yake. Ranar da kowa ya fita cin abincin rana na ce kaina ke ciwo, na zauna na buɗe ainihin abin da Magulmaci ya rubuta tun gwajin farko, kafin a tara a raba. Na ɗauki leƙe ɗaya na karanta da idona. Ga sunan gaɓar Yaya, ƙarƙashinsa sunan gaɓar Yaya, ƙarƙashinsa ita, har sau bakwai, sau ɗaya ga kowane akwatin da ke buɗe. A leƙe ɗaya tak na ba ta maki bakwai, alhali duk bakwai ɗin a tsaye suke suna jira. A can ƙasan jerin kuwa, wadda ke aikin da ake jira, gaɓata ce. Na duba leƙe na biyu, ita ce. Na ashirin, ita ce.

Gaɓar nan a watana na farko a kamfanin na rubuta ta. Aikinta ta je rumbun bayanai ta tambayo da me ake auna kaya kaza, da guda ne ko da dozin ko da kilo. Kowane kaya sai ta buɗe sabuwar hanya zuwa rumbun, ta yi tambaya, ta rufe. Amsoshin duka ba su wuce shida ba, amma sau dubu goma sha ɗaya take zuwa. Da na ƙirga wanda ke aiki da hannunsa kawai, Yaya kashi huɗu ta ci, ni casa'in. Na gyara tawa da layi shida a kwamfutata, don ta riƙa tuna amsar da ta riga ta samo, na haɗa da tsohon rubutun Yaya mai layi goma sha tara. Sakan huɗu. Na kashe allon na je na wanke fuskata.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ban gaya wa kowa ba.

A gida abin ya fi ci mini rai. Duk ƙarshen mako muna haɗuwa a gidan Mama, surukata, a ci abinci tare. Makon da ya wuce Yaya ta zauna tana ba Mama labarin, tana yabona. Ta ce ƙaninta ya zama cikakken ma'aikaci, bai duba cewa ita ta kawo shi ba, ya faɗi gaskiya a gaban kowa, kuma irin wannan mutumin ake so a bar wa ƙanwa. Mama ta ji daɗi har ta ƙara mini nama. Gwaggo, ni da ba a taɓa yi mini tayin ƙari na ƙi ba, ranar na bar naman a faranti. Matata ta lura. Tun a mota take jera tambayoyi: ko na buga motar ne a wani wuri, ko an ce za a sallame ni, ko wani ciwo ne nake ɓoyewa. Jiya har ta duba bayan motar da kanta.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na ci gaba da daurewa kamar matsoracin da nake. Amma shekaranjiya Yaya ta juyo da kujerarta ta gaya mini, a hankali don kada wasu su ji, cewa ta rubuta takardar neman a mayar da ita sashen koyar da masu amfani da manhajarmu. Ta ce ta yi tunani, hannunta ya tsufa. Shekara tara tana alfahari da abin da ashe shi ke jawo mana baya, kuma da ta gyara ma ba ta iya gyarawa ba, to gara ta ba masu sabon jini wuri tun ana ganin mutuncinta. Murmushi take yi tana faɗa. Ta ce ranar taron ƙarshen wata za ta miƙa, bayan ta ga na gama gabatarwata, don kada ta ɓata mini ranata. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne wai ta ƙara tunani.

Ga dabarar da ke ta zuwa mini. In saka ɗan gyarana a ɓoye, a haɗa da sabon rubutunta. Lokaci zai faɗo zuwa sakan huɗu, kowa zai ce aikin Yaya ne ya nuna daga baya, a yi mata tafi, wataƙila ta fasa tafiya. Sai in lallaɓa in gyara Magulmaci ba wanda ya sani. Ita ta fita da daraja, ni na fita da fatata, Mama ta ci gaba da ƙara mini nama. In kuwa na faɗi gaskiya, manaja zai ga ya yi ta yabon shirme, a ofis za a koma ce mini Casa'in har in mutu, matata kuwa ba ta haɗa yayarta da kowa ba. Ina son Yaya kamar tare aka haife mu, kuma kunyarta nake ji fiye da tsoron duk sauran.

Wace hanya zan bi? Kuma don Allah, ta fuskar aikin, yaya ya kamata ma'auni ya ƙirga gaɓa mai kiran kanta? Muna da wasu biyu ma da ke kiran juna, wannan ta kira waccan, waccan ta kira wannan, kuma wanda ya rubuta su mutum ne mai saurin fushi.

Naki,
Mai Karkataccen Ma'auni

Ɗana Mai Karkataccen Ma'auni,

Na yi dariya a wurin naman, ka yafe mini. Amma na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karo na biyu ban yi dariya a wurin takardar Yaya ba.

Bari in fara da abin da ke gefenka, don yana da yawa. Kuskuren ƙirgar da ka yi tsohon kuskure ne, kusan duk wanda ya taɓa haɗa irin wannan ma'auni ya faɗa cikinsa. Ni ma na taɓa kai wa shugabana rahoton da ya ce wata gaɓa ta ci awa uku a aikin da ya ɗauki minti arba'in, sai dai ni na ci sa'a ya iya lissafi. Ba ka yi don ka ci fuskar kowa ba. Kai ka ji abin bai kwanta maka ba, kai ka tono, ba wanda ya kama ka. Kuma mutum goma ne suka kalli bangon nan tare da kai, har da manaja, babu wanda ya ce a nuna masa asalin lambobin.

Sai dai laifinka ba ƙirgar ba ce. Ma'auninka ya yi maka ihu, ya ce ɗari shida da tamanin, kai kuma ka toshe masa baki don kana sauri ka nuna sabuwar riga. Wannan shi ne na farko. Na biyu kwana goma sha ɗayan nan, kuma shi kullum ƙaruwa yake.

Ta fuskar aiki abin ba wuya. A kowane leƙe, suna ɗaya maki ɗaya, ko sau nawa ya bayyana a jerin. Wannan ƙa'idar kaɗai ta isa ta raba ka da mai saurin fushin nan, don gaɓoɓi biyu masu kiran juna su ma kowacce maki ɗaya za ta samu a leƙe. Amma kada ka tsaya nan, domin ko an ƙirga Yaya sau ɗaya za ta fito da tsawo, tunda kusan komai a ƙarƙashinta yake gudana. Dole ka raba jadawalinka gida biyu. Gida ɗaya na wanda ke aiki da hannunsa, wato na ƙarshen jeri. Ɗaya gidan na wanda ke cikin jerin, ko aiki yake ko jira. Na farkon shi zai tashi ɗari da kansa ba tare da ka taɓa shi ba. Na biyun jimillarsa za ta wuce ɗari, kuma daidai ne, amma babu layi guda da ya isa ya wuce ɗari shi kaɗai. Ranar da ka ga ya wuce, ka sa ma'aunin ya ƙi fitar da rahoto sam.

Wajen nunawa a allo, ka naɗe sunan da ya maimaitu ya zama layi ɗaya, ka rubuta zurfinsa a gefe, hawa bakwai ko goma. Amma ka bar hanyar warware shi, don wata rana zurfin ne zai zama ciwon, misali in wani ya yi kuskuren shigar da akwati a cikin kansa. In jerin ya yi tsawon da ma'auninka ke yanke shi, ya faɗa ƙarara cewa ya yanke. Kafin kuma ka sake haska komai a bango, ka rubuta 'yar gaɓa mai kiran kanta sau goma wadda ka san sakan biyu take ci, ka auna ta. In ma'auni da agogo suka saɓa, agogo ne mai gaskiya.

Yanzu dabararka ta ɓoye. Na gane abin da ya sa take burge ka, tana kama da alheri. Amma matar da ta koya maka karanta aikin mutane za ta ga layi shidan nan kafin shayinta ya huce, kuma za ta gane me suke nufi. Daga ranar ba mai kuskure za ta ɗauke ka ba, mai rufa-rufa za ta ɗauke ka, kuma wannan ya fi wuyar wankewa a gida ɗaya. Ko da ba ta gani ba ma, me ka ba ta? Tafi a kan layi ɗari da arba'in da ita kanta ta san sun yi muni, tare da tabbacin cewa abin da ta yi da kyau shekara tara kuskure ne. Za ta bi sauran ayyukanta tana rushe masu kyau. Wannan dabarar kai take ceto, ita kuwa tana nan inda ka bar ta.

Ita za ka fara gaya wa, kafin manaja, kafin matarka. A wurin aiki, ku biyu, ba a gidan Mama ba, kuma kada ka aika matarka ta share maka hanya. Ka zo da asalin leƙen nan mai suna bakwai da sakamakon sakan huɗu a kan tsohon rubutunta. Jimlarka ta farko ta zama cewa gaɓarta ba ta da laifi, taka ce. Bayani ya biyo baya, har da rabawar da ka yi da hannunka da kwanakin da ka yi shiru, kada ka bar mata su ta tono da kanta. Ka kuma riƙe kanka. Irin mutanen da ke yin dariya a lokacin da aka kunyata su, in ka zo musu a rushe sai su koma lallashinka, ka tashi ka ƙara mata aiki. In ta yi fushi ka bar ta ta yi, kwana tara da hutun ganin 'yarta ba ƙaramin abu ba ne.

Matarka ta ji a ranar, daga bakinka. Za ta ɗaure fuska, amma ina zaton za ta ji sanyi da ba ciwo kake ɓoyewa ba. Manaja kuma ka same shi da lambobin, ka roƙa a mayar wa Yaya hutunta, a kuma bar mata zaɓin ko a dawo da layi goma sha taranta. Zai ji haushi na awa ɗaya, sannan ya tuna cewa ka kawo masa sakan huɗu.

Gabatarwar ƙarshen wata kada ka fasa ta. A gaban mutane aka sa mata jar sanda, a gaban mutane za a cire. Ka haska jadawalin farko da ɗari shida da tamanin ɗinsa, ka faɗi abin da ka yi masa, ka haska na gaskiya. Rassanku za su fi ƙaruwa da wannan fiye da duk abin da ka shirya faɗa. Sabon suna kuwa za a sa maka, babu makawa, ka amsa shi da fara'a, ka riga ka ga yadda ake yi.

Game da takardarta, kada ka roƙe ta ta yaga. Wataƙila akwai gajiya ko wani buri da ba ta gaya maka ba, kuma in bayan ta ji komai har yanzu koyarwar take so, hakkinta ne, a raka ta da addu'a. Naka shi ne kada ta yanke shawarar a kan lissafin da ka san ƙarya ne.

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa mai shekarunta a aikin nan ta kalli tamanin da ɗaya ba ta ce a nuna mata yadda aka samo shi ba? Da wani ne ya haska, da ta tambaya kafin ya zauna. Ta yi shiru ne don kai ne, don ba ta so a ce ta danne ƙaninta a ranarsa ta farko a gaban mutane, kuma don ta yarda ba za ka kawo abin da ba ka tabbatar ba. Kai abin da kake tsoro bai wuce dariyar mako biyu ba. Ita kuwa kowace safiya tana zama a gaban aikin da ta fi ku duka iyawa tana ganin ta daina iyawa, kuma kai kaɗai ne a duniya ka san ba haka ba ne. Kada ka jira ƙarshen wata, gobe da safe ka je ka gaya mata.

Allah ya ba ka ƙarfin faɗa, ya sanyaya zuciyarta, ya bar zumuncinku. Ina yi muku fatan alheri ku duka.

Gwaggo